Zauren Iyali: Me Za Mu Karanta Da Hunturun Nan?



A wajenmu, nan arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Dawakin Tofa har zuwa Bichi, Dambatta da Makoɗa, gero ya shiga rumbu, an yanke dawa, harawa kuma ta hau bisa itace. Wanda ya san ƙasar nan ya san babu daji a cikinta. Gona tana manne da gona, gida yana hangen gida, da damina kuwa ba mai sararin zama, babba da yaro. Amma yanzu dare ya yi tsawo, sanyi kuma ya fara korar mutane daga dandali zuwa ɗaki da zarar an ci tuwo.

Wata uwa daga wajen Bichi ta aiko mana da wasiƙa. Ta ce 'ya'yanta huɗu suna makaranta, amma ba ta taɓa ganin ɗayansu ya ɗauki littafi ba sai jarrabawa ta matso. Babban kuwa kullum kansa yana sunkuye a kan waya. Ta sayar da wake tiya kaɗan, tana so ta saya musu littafi, amma tana tsoro kada ta zuba kuɗinta a kan abin da gara za ta ci a lungu. Ta ce mu gaya mata wanda za ta saya.

Uwargida, ga amsarmu. Kada ki fara da littafin da zai yi wa yaro wa'azi ko ya ƙara masa aikin makaranta. Ki fara da wanda zai ba shi dariya, wanda in an rufe shi yaro zai ce, "Sai me ya faru?" Yaron da ya ɗanɗana daɗin karatu ba sai an bi shi da bulala ba.

Idan kuɗin littafi ɗaya kaɗai ke hannu, a sayi Magana Jari Ce na ɗaya. Ba mu da shakka a kan wannan. Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta shi, littattafai uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939, har yanzu kuwa ana samunsu a kasuwa. Wani sarki ne ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida tare da wani aku mai wayon magana. Waziri kuwa yana da mugun nufi a kan yaron. Kowane dare Musa ya yi shirin fita ya bi ubansa, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Kun ga ke nan, littafin da kansa domin dare aka gina shi. Labari guda ya ishi zama guda. Imam ya ɗebo waɗansu labaran daga Larabawa, waɗansu daga Indiya, waɗansu daga Turai, amma ya sa musu riga da hula irin namu, har mai sauraro zai rantse a garinsu abin ya faru. Wanda bai taɓa jin labarin Sahoro da Sahorama ba, ko na Kalala da Kalalatu, yana da sauran dariya a gaba.

Ga yadda muke yi a gidanmu. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara, har da Kaka wadda ba ta yi boko ba. Ita ce ma ta fi kowa gyara wa mai karatu, gama ta san karin maganar tun kafin ya kai ƙarshenta. In an zo daidai wurin da labari ya yi daɗi, sai a rufe littafi a ce sai gobe. Za a yi gunaguni, kada ku kula. Muna da wani yaro a gidan, wanda aka riga aka yanke masa hukunci cewa ba shi da kan karatu. Rannan da rana sai muka iske shi a bayan rumbu, ya saci littafin, yana bin layi da yatsa domin ya riga kowa sanin ƙarshen labarin. Ba mu ce masa kome ba. Da dare ya yi, sai muka ce idonmu yana ciwo, ko akwai mai taimakonmu da shafi ɗaya? Ya yi ta tuntuɓe, amma ya kai ƙarshen shafin. Fitilar nan mai cin hasken rana, wadda ta cika kasuwanninmu yanzu, ta isa wannan aiki, ba sai an sayi kananzir ba.

In an gama da aku, sai a koma baya kaɗan. A 1933 ofishin fassara na Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar waɗanda har yau su ne tushen ƙagaggen labari a harshenmu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida, mutumin Wusasa, tare da East. Dukansu ƙanana ne, ba su da tsada. Ruwan Bagaja ya fi su ban dariya, gama Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba su haɗuwa a gari sai ɗaya ya yi wa ɗaya tsiya. Imam yana da shekara 22 sa'ad da ya rubuta shi. Shaihu Umar kuwa ba na dariya ba ne. Labarin yaro ne da aka sace a zamanin bauta, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa kuma ta bi sawunsa. Mun ga dattijo yana share ido da gefen rawani sa'ad da ake karanta shi. Wanda ya rubuta shi, shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya daga baya, yara kan yi mamaki in an gaya musu. Jiki Magayi a bar wa manya da samari. Maganar mai kuɗi ce da ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, da irin ɓarnar da ramuwa ta jawo wa kowa da kowa.

Akwai littafi guda da muke so kowane saurayi a ƙasar nan ya karanta kafin ya ɗaura jakarsa. Kun sani da an gama kaka samarinmu sukan watse cin rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu har Ikko, su yi dako, su tura baro, su sayar da ruwa. Ba mu ce laifi ba ne, gama gonakinmu ƙanana ne, abin da suka bayar ba ya kai gida zuwa wata kaka. Amma Kitsen Rogo, na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a 1978, ya nuna yadda birni yake yi wa ɗan ƙauye kwalliya daga nesa, in ya shiga kuma ya tarar da abin da ya tarar. Sunan littafin ma ya isa bayani. Shekara fiye da arba'in ke nan, amma sai ka ce jiya aka rubuta shi.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafai uku da suka ci wata gasar. Ɗaya shi ne Amadi Na Malam Amah, na Magaji Dambatta, mu mutanen wannan yanki sai mu riƙe shi da hannu biyu, tun da yake sunan garinmu yana bisa bangonsa. Na biyu Mallakin Zuciyata, na Sulaiman Ibrahim Katsina. Na uku So Aljannar Duniya, na Hafsat Abdulwaheed, labarin wata yarinya Bafilatana, Boɗaɗo, wadda ta so wanda ba ɗan kabilarta ba. Shi ne ake lissafawa littafin labari na fari da mace ta rubuta aka buga da Hausa. 'Yan mata za su so shi.

Bayan wannan sai aka shiga zamanin littattafan soyayya na kasuwar Kano, yanzu kuma abin ya koma cikin waya, ana tura labari kashi kashi ta WhatsApp. Waɗansu iyaye sun yi musu kuɗin goro, sun ce duk shirme ne. Mu ba mu ce haka ba. Akwai tsakuwa a ciki, akwai kuma tsaba. Shawararmu ita ce uwa ko uba su fara karantawa kafin su miƙa wa yaro, yadda uwa takan ɗanɗana miya kafin ta zuba. Cikin masu kyau, ga Alhaki Kuykuyo Ne, na Balaraba Ramat Yakubu, 1990. An fassara shi da Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, wadda mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya. Ba ta zauna kuka ba. Da tukunya da murhu ta riƙe 'ya'yanta, tana dafa abinci tana sayarwa. Matan aure za su ga maƙwabtansu a ciki, maza kuwa in sun daure sun karanta, watakila su ga kansu.

Tun da Rabi ta kawo mu bakin murhu, bari mu taɓa littattafan girki.

Wani zai ce, wace mace ce a ƙauye take bukatar littafi kafin ta tuƙa tuwo? Gaskiya ne. Amma littafin girki yana da daɗin karatu ko ba a hura wuta ba, gama yana nuna maka yadda waɗansu mutane suke sarrafa abin da kai ma kake da shi. Waken da muke yin ɗanwake da ƙosai da shi, a kudu ana dafa shi ta hanyoyin da ba mu saba ba. Ga 'yan matan da suka yi sakandare, akwai Miss Williams' Cookery Book, na Rhoda Omosunlola Williams, 1957, ɗaya daga cikin littattafan girki na fari da 'yar Nijeriya ta rubuta. Akwai Nigerian Cookbook, na H. O. Anthonio da M. Isoun, 1982. Akwai kuma sabo, Chop Chop, na Ozoz Sokoh, wanda ya fito a 2025 da hotuna masu sa yawu, ya tattaro abinci daga sassan ƙasar nan. Wannan na ƙarshe yana da tsada, sai dai makaranta ko ƙungiyar mata su haɗa kuɗi. Da Hausa kuwa, masu sayar da littattafan labari a Sabon Gari sukan ajiye ƙananan littattafan girke-girke, masu araha.

Sai dai mu faɗi gaskiya. Yawancinsu domin matar birni aka rubuta su, mai murhun gas da firji. Mun taɓa sayen ɗaya, muka kawo gida da murna. Uwargida ta buɗe, ta ga girkin fari yana neman kaza biyu, da madarar gwangwani, da waɗansu abubuwa uku da ko sunansu ba ta taɓa ji ba. Ta rufe, ta miƙo mana, ta ce mu dafa da kanmu.

Saboda haka littafin girkin da ya fi kowanne amfani a gidanku, ku ne za ku rubuta shi. A sayi littafin rubutu mai kauri, a ba yarinyar da ta fi iya rubutu, ta zauna kusa da Kaka. Ku fara da daddawa, gama ita ce take shirin kuɓuce mana. Yau mata nawa ne a unguwarku suka iya ta tun daga kalwa? A dafa kalwa wuni guda har ta yi laushi, a surfa a wanke a fid da ɓawo, a sake dafawa, a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku har ta yi wari irin nata, sa'an nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma yaya ake gane ta nuna? Da wane ganye ake rufe ta? Wannan yana cikin kan tsofaffi, ba ya cikin littafin kowa. Ɗorawar da ke gonakinmu ta tsufa, ba a cika dasa sabuwa ba, mata da yawa sun koma yin daddawa da waken soya, wasu kuma sun bar ta gaba ɗaya sun kama ɗanɗanon kanti. Bayan daddawa a rubuta dambu, da fate, da tubani, da kunun kanwa, da kwaɗon rama da na zogale da na tafasa, da yawan kuka da kanwar da ake sa wa ɗanwake domin kada ya watse a ruwa. A rubuta awo da abin da kuke awo da shi, wato gwangwani da ludayi da tafin hannu. Kaka za ta ce ita ba ta awo, da ido take yi. To, sai yarinya ta tare hannunta ta auna abin da ta ɗebo kafin ya shiga tukunya. Za a yi faɗa kaɗan, za a kuma yi dariya da yawa. Ranar da yarinyar za ta tafi gidan miji, a sa mata kwafinsa a cikin kayan ɗaki.

Akwai wani littafi da ya tsaya tsakanin murhu da gona, sunansa Lost Crops of Africa, wato amfanin gonar Afirka da aka yi wa sakaci. Wata majalisar masana ta Amurka ce ta fitar da shi kashi uku: na hatsi a 1996, na ganyaye da kayan miya a 2006, na 'ya'yan itace a 2008. Da Turanci yake, amma mai sauƙi, ana kuma karanta shi kyauta a intanet. A nan wayar babban ɗanki za ta yi rana, Uwargida. Ki sa shi ya nemo, ya fassara muku. Za ku sha mamaki ku ga gero da dawa da acca, da zogale, kuka, kuɓewa, gurjiya da ɗorawa, da aduwa, tsamiya, kanya, ɗinya da taura, kowanne an ba shi shafuffuka ana yabonsa. Abin da yaranmu suke jin kunyar ci a gaban 'yan birni, shi masana suka zauna suka rubuta wa littafi uku.

A kan halitta, da Hausa, tsohuwar zuma ita ce Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta tare, aka fara buga shi a Zariya a 1949. Labarin halitta iri iri ne, da Hausa mai daɗi wadda ba ta gajiyar da mai sauraro. Ilimi ya ci gaba tun daga lokacin, malamin kimiyya zai sami abin gyarawa nan da can. Duk da haka in kun gan shi a wurin masu tsofaffin littattafai, kada ku bar shi. Yana koya wa yaro ya tsaya ya duba abin da yake takawa kullum.

Abin dubawa kuwa ba ya ƙarewa, ko da yake ba mu da daji. Ga gawo, wanda yake zubar da ganye da damina sa'ad da kowane itace yake kore, ya kuma yi ganye da rani. Shi ya sa ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma awaki su ci. Ga shamuwa, wadda take zuwa gab da ruwan fari ta yi sheƙa a tsakiyar gari, in rani ya yi kuma ta tafi har gabashi da kudancin Afirka. Ga ungulu, wadda dā ba a raba ta da mahauta. Yaushe rabonku da ganinta? Tun 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Yaron da aka haifa yau zai iya girma yana jin sunanta a karin magana kaɗai. Makarantar da take da hali ta nemi Birds of Western Africa, na Nik Borrow da Ron Demey, wanda ya fara fitowa a 2001. Ko wanda bai iya Turanci ba zai more shi, gama zanen tsuntsaye ne shafi bayan shafi. A ɗauke shi a tafi bakin dam ɗin Tomas ko na Watari da sassafe, a tafi da tsoho guda. Yara su nuna hoto, tsoho ya faɗi suna, a rubuta a gefe da fensir: zalɓe, balbela, kirinjijiya, carki, cilakowa. Na itatuwa kuwa, tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayensu na Hausa a littafi, Roger Blench kuma ya faɗaɗa aikin, nasa yana intanet kyauta.

Na ƙarshe domin maigida ne. Sunansa The Forest Underground, wato kurmin da yake ƙarƙashin ƙasa, na Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya, masanin aikin gona wanda ya yi aikin mishan a Maraɗi. Ya yi shekaru yana dasa itatuwa suna mutuwa, har ya kusa fid da zuciya. A 1983, yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba da kyau, ashe ba ciyawa ba ce, kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa tana da rai, yana ta ƙoƙarin tohowa. Irinsa kuwa sun cika gonaki, kowace shekara ana sare su a lokacin sharar gona. Dabarar ba ta da wuya: a zaɓi reshe mai ƙarfi, ɗaya ko kaɗan, a bar su, a datse sauran, a tsare su daga dabbobi. Mutanen Nijar suna kiranta sassabin zamani. An kiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar, a fili mai faɗin hekta miliyan 5, aka kuma ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Labarin yana tafiya kamar ƙagagge, ga shi kuwa a ƙasar Hausa ya faru, tafiyar yini ɗaya daga nan. Wanda ya ji shi, in ya fita sharar gona bana, zai yi wa sabara da kalgo wani kallo dabam kafin ya ɗaga gatari.

Saura maganar kuɗi. Kada gida ɗaya ya ce sai ya sayi duka. Gida biyar su haɗa kai, kowa ya sayi dabam, a riƙa musaya ranar kasuwa. Wanda zai kai hatsi Dawanau, a ba shi saƙo ya ƙarasa cikin gari, ya duba Sabon Gari ko Kasuwar Kurmi. A duba shafuffuka tun a gaban mai sayarwa, gama akwai bugun da ake tsallake shafi, ko tawada ta dushe. In an kawo gida a yi masa riga da takardar buhun siminti, a rubuta sunan mai shi a ciki, a ajiye a akwatin ƙarfe ko tukunya mai murfi, nesa da bango, saboda gara da ɓera.

Wadda ta rubuta yadda ake daddawa a garinsu, ta aiko mana da kwafi, ta faɗi sunan garin. Muna so mu ga ko ta Tsanyawa ta bambanta da ta Minjibir.